Sawu Uku a Tashar Ummu Rimaila

Da la'asar, lokacin da rana ta sassauta har mutum zai iya taɓa ƙarfe da hannu, aka tarar da ƙofar wani rufaffen tarago a buɗe a tashar Ummu Rimaila. An fasa kwaɗon, an tsinke wayar da ke riƙe da hatimin darma, akwati ɗaya kuma ya yi ɓatan dabo. Da sukari ne ko ganyen shayi, da abin ya zo da sauƙi. Maganin zazzaɓi ne na gwamnati, za a kai wani asibiti can kudu inda damina ta kwantar da jama'a. A gindin ƙofar kuma ga doguwar guduma a yashe, wadda kowa a tasha ya san mai ita: Usta Tajussir, mai duba taragu.

Ummu Rimaila gida goma sha biyu ce da rijiya ɗaya, saboda haka kafin a kira magariba kowa ya yanke hukunci. Wasu suka ce Tajussir ne, ai dama tsuntsun da ya cika tashi sama shi ke jawo ruwa. Wasu suka ce Onur ne, baƙon makiyayin nan na duwatsun gabas da ke rakiyar tumaki a jirgin, don mai irin wannan tulin gashi ba a rasa shi da abin ɓoyewa. Saje Rahamtalla bai tsaya zaɓe ba. Ya kulle Tajussir a ɗakin fitilu, ya hana jirgin motsi, ya aika a kira Karrar mai bin sawu.

Karrar ɗan baffan Tajussir ne. Gida ɗaya suka tashi, domin Tajussir maraya ne, mahaifin Karrar ya ɗauko shi tun yana rarrafe. Tsohon ya koya musu bin sawu tare, amma in baƙi suka zo, kan Tajussir yake dafawa ya ce wannan shi ne mai ido. Karrar ya shekara talatin yana jin wannan maganar a kunnensa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mai idon ya yar da sana'ar kamar tsohon takalmi ya shiga aikin jirgi, ya sami kaki da gidan bulo, shi kuwa da ya riƙe gadon yana nan yana bin ɓatattun awaki, har yau kuma in ya yi abin kirki sai wani ya ce, ina ma ka ga Tajussir a zamaninsa.

Da ɗan aike ya faɗa masa wanda aka kulle, Karrar ya ce innalillahi kamar yadda ya kamata. Amma a hanya ya lura ƙafarsa ba ta taɓa yi masa sauƙi haka ba.

* * *

Ya sa aka kori mutane baya, ya fara daga kan jirgi yana bin taragun ɗaya bayan ɗaya. Gindin tankin ruwa ya jiƙe, mata sun tattake shi da tuluna, babu abin karantawa. Buɗaɗɗun taragun kwal sun zubar da baƙin gari wanda ke riƙe sawu kamar tawada, sai dai ba wanda ya bi ta kansa in ban da Tajussir. Haka a taragon dabbobi mai tsaga-tsaga inda tumaki ke leƙo hanci, haka a shimfiɗaɗɗen da aka ɗaure wa ƙarafan dogo. Ko'ina takalmin Tajussir ne mai ƙusoshi, yana tsayawa a kowace ƙafar tarago inda yake ƙwanƙwasa ta da guduma ya saurari ƙararta, ya ɗaga murfin akwatin mai ya duba.

A bakin taragon da aka fasa ma sawun yana nan. Karrar ya tsuguna. Kallo ɗaya ya ishe shi: sawun hantsi ne, bakinsa ya riga ya zube, tururuwa ta ratsa shi, kuma mai shi ba ya ɗauke da komai.

Sai ya ga waɗansu guda uku. A nan tsakuwar layi ta zaizaye, dole mai tafiya a kanta ya sauko kan yashi taku uku kafin ya sake hawa. Sawun ba shi da yatsu, ba shi da dunduniya, ba ɗinki, ba ƙusa, sumul kamar an danna tuwo da bayan ludayi. Ya nutse sosai, alamar kaya mai nauyi, ɗaya daga ciki kuma ya hau kan sawun Tajussir ya danne shi. Karrar bai taɓa ganin irinsa ba. Ya karɓo kwanoni uku wajen mai shayi ya kife a kansu saboda iska.

Saje ya matso da littafinsa ya tambaya ko sawun Usta yana wurin.

"Yana nan," in ji Karrar.

"A bakin ƙofar?"

"A bakin ƙofar."

Da Saje ya nuna kwanonin, sai Karrar ya ce bai gama karanta abin da ke ƙarƙashinsu ba. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, da wannan ya riƙa lallashin kansa.

* * *

Akwai sawu ɗaya da ya fita daga tasha ɗauke da kaya, fade ne na fata, kuma na Onur ne. Karrar ya san akwati ba ya sa mutum ya karkata haka, buhu ne a kafaɗa, amma ya ja Saje suka bi shi har bayan dutse. Suka tarar da tanti biyu da wata tsohuwa tana niƙa dawa. Onur ya ce gwaggonsa ce, dawar kuma tasa ce, ya kawo mata tunda jirgi ya tsaya. Ya ƙara da cewa in suna so su zazzage buhun, su zo da tabarmarsu, ba zai tsince musu daga ƙasa ba. Saje ya zazzage, ya sha zagi da harshen da bai iya ba, suka dawo rana ta yi ja.

Shugaban tasha, Afandi Mudassir, yana ofishinsa yana fifita da takarda. Ya ce shi da azahar ya rufe ƙofa ya rufa da jiƙaƙƙen mayafi, ko jirgin aka sace ba zai ji ba. Abin da ke damunsa mai bincike zai iso gobe da azahar, kuma in ba a ga akwatin ba, da Tajussir zai koma a ankwa.

"Abin takaici, yau ɗin nan takardarsa ta iso," in ji Afandi. "An ba shi shugabancin masu duba taragu a babbar ma'aikata ta Atbara. Ba ka ji ba?"

Karrar bai ji ba. Ya ce masha Allah, bakinsa kuwa kamar ya tauna maɗaci. Ya tambayi wanda ya kawo takardar, Afandi ya ce Dafalla mai birki, a jakar wasiƙun jirgin nan.

Taragon birki shi ne na ƙarshe, ɗan ɗaki ne mai baranda da sitiyarin ƙarfe a tsaye. Kafin a kai gare shi sai an wuce wani jan tarago na ƙarfe, an sa masa fanko ɗaya gaba ɗaya baya. Albarushi ne na masu fasa dutse, ba mai raɓarsa, har Saje sai da ya kashe tabarsa ya yi kwana. Dafalla dattijo ne siriri, ya shimfiɗa musu buzu ya zuba musu gahawa mai citta. Ya ce shi ma barci ya yi, a nan cikin ɗakinsa. Da aka ambaci Tajussir sai ya kaɗa kai.

"Yaron kirki. Ni na kawo shi aikin nan, Saje. Ya zo bai san taragon gishiri da na auduga ba, ni na nuna masa dalilin da ya sa ɗaya ake shafe cikinsa da kwalta, ɗaya kuma ake nisanta shi da tartsatsin inji. Ga shi yau Allah ya ɗaga shi, mu muna nan a wutsiya muna shan ƙurar kowa. Wallahi na yi masa murna. Na yi masa murna ƙwarai."

Saje ya ji maganar mutumin kirki. Karrar kuwa ya ajiye finjalinsa a hankali, domin ya san wannan muryar. Da ita shi ma yake yabon Tajussir a gidan biki. Sai dai murya ba sawu ba ce, ba a kife ta da kwano. Ya yi godiya ya tashi.

* * *

Da safe mahaifiyarsa, Hajja Rayya, ta ɗaure kwanon kisra, wainar dawa, da miyar kuɓewa a tsumma ta ajiye a gabansa. Tun jiya ba ta ci komai ba, ya gani a fuskarta, kuma ya tambayi kansa ko da shi aka kulle za ta ƙi cin abinci haka. Ba ta roƙe shi ba, ba ta yi kuka ba.

"Kai wa ɗan'uwanka," ta ce. "Da hannunka."

"Yumma, akwai masu kaiwa."

"Na san akwai. Kai na ce. Jiya ka shigo gidan nan ba ka kalle ni ba, ubanka ma haka yake yi in ya ga abu a ƙasa ya haɗiye."

Ɗakin fitilu wari yake na kananzir. Tajussir yana zaune a kan gwangwani, kakinsa ya yi dauɗa, bai yi aski ba. Karrar ya daɗe yana son ganinsa haka, da ya gani kuma sai abin bai yi daɗin da ya zata ba. Tajussir ya ci loma biyu, ya ce gudumarsa kullum a jikin bangon nan yake jingine ta in zai tafi cin abinci, ko akuyar tasha ta sani. Sa'an nan ya nuna ƙaramar taga da haɓa.

"Daga nan ina hango kwanoni uku. Me ke ƙarƙashinsu, ɗan baffana?"

Karrar ya so ya ce ba ruwansa. Amma ya kwana yana juya sawun nan a ransa bai gane shi ba, rana kuma tana hawa. Ya tsuguna ya zana shi a ƙasa da yatsa, ya faɗi faɗinsa da zurfinsa, ya ce ko raƙumi aka yanke wa tafi aka ɗaura wa mutum, sai an ga tsaga.

Tajussir ya daina tauna. Ya tambaya ko gefen sawun yana da ɗan gashi-gashi, kamar an goga bargo. Karrar ya ce yana da shi.

"Jan tarago," in ji Tajussir. "Cikinsa katako ne, ba ƙarfe ko ɗaya a fili, don kada a sami tartsatsi. Ba a shiga da takalmi mai ƙusa. Akwai waɗansu manyan takalma na ulu rataye a bayan ƙofa, a kan naka takalmin kake zura su. Ba a fita da su waje, shi ya sa ba ka taɓa ganin sawunsu ba."

Cikin numfashi ɗaya, daga cikin ɗakin da aka kulle shi, ya warware abin da ya hana Karrar barci. Karrar ya ji tsohon ciwon ya motsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya san in ya yi shiru zuwa azahar ba mai tuhumarsa. Ya tuna kuma da mutanen da ke kwance can kudu suna rawar ɗari, waɗanda ba su san shi ba balle ubansa. Ya fita ya nufi wajen Saje.

* * *

Makullin jan tarago yana rataye a ƙusa cikin taragon birki. Saje ya cire takalmansa ya shiga da ƙafa, yana salati. Takalman ulu suna bayan ƙofa, yashin tasha maƙale a gashinsu. Akwatin magani yana bayan gangunan albarushi an rufe shi da tamfol, ko ƙusa ɗaya ba a zare ba.

Aka tara su a inuwar tasha: Afandi Mudassir, Onur, Dafalla, da Tajussir a tsakanin 'yan sanda biyu. Mutanen gida goma sha biyu suka yi da'ira. Dafalla bai girgiza ba. Ya ce makulli a fili yake, shi kuma barcinsa nauyi gare shi, kowa zai iya miƙa hannu ta taga. Ya ce ba ya son faɗa, amma Usta ya fi kowa sanin inda yake rataye.

Karrar ya sa aka share yashi a gefen layi aka lailaye shi da reshe. Ya ce kowa zai zura takalman, ya ɗauki akwatin, ya sauko daga kan tsakuwa ya yi taku uku. Afandi ya ce wannan wulaƙanci ne ga kujerarsa, Saje ya ce kujerar ba ita za ta taka ba. Afandi ya yi nasa yana haki, dunduniya yake kafawa. Onur ya yi nasa kamar mai tafiya a kan dutse, da kan yatsu. Tajussir ya taka daidai wa daida. Dafalla ya zura takalman ya fara tafiya a miƙe kamar soja, sai Karrar ya ce ya manta akwatin.

"Ƙafa tana iya ƙarya in kai ba kaya, baba Dafalla. Ɗauka."

Ya ɗauka, ya sauko, ya yi taku uku. Karrar ya je ya ɗage kwanonin ɗaya bayan ɗaya, ya kira Saje da dattawa su gani da idonsu. A tsohon sawun da na Dafalla, ƙafar hagu a kan gefenta na waje take sauka, takunta gajere, ta dama kuma ta buɗe tana tokarewa. Tsayuwar mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana murɗa sitiyarin birki a kan tarago mai girgiza ce, ta zauna masa a ƙashi.

Dafalla ya sauke akwatin a hankali, ya zauna a kansa. Ya ce ba sayarwa zai yi ba, a tasha ta gaba ya yi niyyar ajiye shi inda za a tsinta, bayan an riga an tafi da Tajussir. Saje ya tambaye shi me Usta ya yi masa.

"Bai yi mini komai ba," ya ce. "Kullum sai ya gaishe ni, har dabino yake ajiye mini. Na ɗauko takardar nan tun daga Atbara, magatakarda ya faɗa mini abin da ke ciki yana dariya, ya ce in yi wa yarona albishir. Kwana biyu tana cikin jaka a gefen kaina. Da ya taɓa zagina ko sau ɗaya, da na samu inda zan ajiye abin."

Jama'a suka hau tsine masa, wata ta tofa yawu. Karrar bai sa baki ba. Ya duƙa yana tattara kwanonin mai shayi, ya daɗe yana kakkaɓe su fiye da yadda suke bukata.

Da azahar mai bincike ya iso ya tafi da Dafalla. Aka mayar da akwatin taragonsa, aka sa sabon hatimi, wani ya hau baranda ya kwance birki, jirgin ya kama hanyar kudu. Afandi ya yi ta yabon Karrar a gaban baƙo, ya ce mai bin sawu irinsa babu daga nan har kogi. Karo na farko ke nan da aka yabe shi ba a haɗa da sunan wani ba, kuma ya kasa ɗaga kai.

* * *

Bayan mako guda Tajussir ya tashi tafiya Atbara. Iyalinsa suka yi gaba da Hajja Rayya, shi da Karrar suka tsaya a ƙofar gidan bulo, akwatin ƙarfe a tsakaninsu. Tajussir ya kulle ƙofa, ya juya makullin a hannu.

"Yaushe ka san ba ni ba ne?"

Karrar ya dubi layin dogo. Yana iya cewa da safe, ba mai ƙaryata shi.

"Tun tsugunnawar farko."

"Na sani. Ina kallonka ta taga. Ka ga sawun, ka ɗago ka dubi ɗakin fitilu, sa'an nan ka tafi bin makiyayi."

"Me ya hana ka faɗa wa Saje?"

"Jira nake in ga ko za ka zo." Ya jefa makullin a aljihu. "Ka kwana, amma ka zo. Yumma ba za ta ji daga bakina ba."

Karrar ya so ya ce a yafe masa, ya so kuma ya ce abin ya fita daga ransa, sai dai na biyun ba gaskiya ba ne. Ko a lokacin, da ya kalli sabon kakin da guga ta kwanta a jikinsa, ya ji ɗan cizon nan a ƙirji. Sai ya duƙa ya ciccibi akwatin ya ɗora a ka. Nauyi ne da shi kamar an cika shi da ƙafafun tarago, tasha kuma da ɗan nisa, rana ta take. Tajussir bai ce kawo in taya ka ba. Karrar ma bai sauke ba sai a bakin jirgi.